Shekara 76 da kansar tumbi: a yi wa Baba aiki ko a bar shi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga unguwar Birni a Damagaram. Mahaifina yana da shekara 76. Ya daɗe yana shan maganin olsa, sai tun bayan Babbar Salla ya koma loma uku ta ishe shi, in dare ya yi kuma ya amayar da abin da ya ci tun safe. Daga kilo 68 ya dawo 57 cikin wata biyar. An yi masa fibro, wato an zura kyamara ta baki an duba tumbi, an guntso nama an aika Yamai, sakamako ya dawo cewa kansa ce a ƙasan tumbi, dab da mafita. Likita ya ce a yi sikana, wato hoton cikin jiki na na'ura, tukuna sannan a yi maganar aiki. Yana da hawan jini, amma har yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Yayanmu ya ce tsoho ba ya ɗaukar wuƙa, gwaggonmu ta ce in ƙarfe ya taɓa daji sai ya watsu. Shi kansa Baba ba mu gaya masa sunan ciwon ba. Me za mu yi?

Ƴar Birni

Amsa

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladar jinya.

Shekara 76 ita kaɗai ba ta hana aiki. Ana yi wa waɗanda suka haura 80 wannan tiyata su tashi, akwai kuma ɗan shekara 60 da likita zai duba ya ce ba za a taɓa shi ba. Abu biyu ne ke yanke magana: inda ciwon ya kai, da ƙarfin da ya rage a jikin mai shi. Ku yanzu ba ku da amsar na farko, kuma na biyu abu ne da hannunku zai iya canjawa cikin mako biyu masu zuwa.

Ku yi sikanar nan cikin kwanakin nan, ta ƙirji da ciki har zuwa mara, wadda ake yin allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Kafin allurar za a auna aikin ƙoda, domin mai yawan amai jikinsa a bushe yake, ruwan kuwa yana iya wahalar da ƙodar da ba ta samun isasshen ruwa. Abin da likita ke nema shi ne ko ciwon ya taɓa hanta ko huhu, ko ruwa ya taru a ciki, ko ya manne da babbar jijiyar da ba a iya yankewa. Zai kuma laluba saman ƙashin wuya na hagu, domin kansar tumbi takan aika kaluluwa mai tauri can. Sikana ba ta cika ganin ƙananan ƙurajen da ke yaɗuwa kan tantanin ciki ba, waɗanda ba su wuce ƙwayar gero ba. Shi ya sa inda ake da kayan aiki, akan fara huda ƙaramar kafa a zura kyamara a leƙa, kafin a buɗe ciki gaba ɗaya. Ku tambayi likitan fiɗa ko hakan zai yiwu.

Daga nan maganar gwaggo ta samo tushe, kuma ba don rashin hankali ta faɗe ta ba. Ta ga an shiga da mutum, an buɗe, an tarar ciwon ya riga ya mamaye ciki, an rufe, bayan ƴan watanni ya rasu. Sai mutane su ce wuƙa ce ta watsa shi. Ya watsu tun kafin a shiga ɗakin, wuƙa ta tarar da shi ne a haka. A kansar tumbin da ba ta bazu ba, cire ta da wuƙa shi ne hanyar da ake samun warkewa, kuma an daɗe a kai: tun 1881 likita Theodor Billroth ya yi nasarar cire wani sashe na tumbi mai kansa a birnin Biyana.

Maganar yayanki kuwa tana da rabin gaskiya. Akwai tsohon da ba ya ɗaukar wuƙa, amma ba a takardar haihuwa ake gane shi ba. Ana duba ko yana wanka da alwala da sa tufafi da kansa, ko yana hawa bene hawa biyu ba tare da ya tsaya huci ba, ko ya faɗi a watannin nan, ko hankalinsa na riƙe rana da wuri da mutane. Akwai gwajin da za ki iya yi a tsakar gida: ya zauna a kujera, ya tashi ba tare da an kama shi ba, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In abin ya ɗauke shi fiye da daƙiƙa 20, jikin ya yi rauni sosai. Zuwansa masallaci da ƙafa alama ce mai daɗi. Likitan sa barci zai ƙara da awon zuciya, da jini, da suga, da ƙoda, kuma ganinsa ya zama kwanaki kafin aiki, kada a bari sai daren da za a shiga.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarki shi ne kilo 11 ɗin nan. Wannan kusan kashi 16 cikin 100 ne na nauyinsa, alhali duk wanda ya zubar da fiye da kashi 10 cikin wata shida ana lissafa shi cikin masu tamowa mai tsanani. Ɗinkin da ake yi wa hanji ba zare ne ke riƙe shi har abada ba, naman ne ke kamawa ya haɗe, jikin da yunwa ta cinye kuwa ba shi da abin gina nama. Ku nemi a auna sinadarin jini da ake kira albumin. In ya gaza giram 30 a lita, haɗarin warwarewar ɗinki da ruɓewar rauni yana hawa. Ka'ida ita ce a ba irin wannan majinyaci kwana 7 zuwa 14 ana ciyar da shi kafin aiki, ko da hakan ya ja ranar baya. Wannan jinkirin yana cikin magani. Jinkirin wata uku ana zagayen masu sassaƙe shi ne ke cin mutum.

A nauyinsa na yanzu yana buƙatar abinci mai gina jiki giram 70 zuwa 85 a yini. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6, litar madara kusan 33, giram 100 na dafaffen nama kusan 25. Tun da mafitar ta ƙuntata, tuwo da tsokar nama da ganye ba za su wuce ba, sai abu mai ruwa: kunun gyaɗa da aka zuba wa garin madara, kindirmo, ƙwai da aka kaɗa cikin kunu mai zafi har ya dahu, romon da aka niƙa namansa aka tace, wake da aka cire wa ɓawo aka dama. Rabin kofi duk awa ɗaya ko biyu, yana zaune, kuma kada ya kwanta sai bayan awa guda. In ko wannan ma yana dawowa, to gida ta gaza, a kwantar da shi. Za a zura masa roba ta hanci a zuƙe abin da ya taru, a yi ƙarin ruwa, a mayar da gishirin jini da amai ya kwashe, musamman fotasiyom wanda ƙarancinsa ke rikita bugun zuciya. Wanda ya daɗe bai ci ba kuma a hankali ake ƙara masa abinci cikin kwanakin farko, domin ɗura masa da yawa lokaci guda na iya kayar da gishirin jinin nan ya taɓa zuciya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku zuba duk abin da yake sha a leda ku kai wa likita, har jiƙo da garin magani da kanwa. Asfirin da magungunan tsinka jini likita ne zai faɗi ranar dakatar da su. Diklofenak da ibufurofen da ake saye a tebur a daina su yau, suna sa ciwon zubar da jini. In yana shan taba ya bari, mako huɗu kafin aiki shi ne ake so, amma ko kwana goma ya fi babu. Kullum ya taka na minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya. Ku kuma tanadi mutum biyu ko uku masu ba da jini tun yanzu.

In sikana ta fito ba bazuwa, wurin da ciwon Baba ya zauna ya zo masa da sauƙi. Tun da a ƙasa yake, abin da aka saba yi shi ne a cire kashi biyu cikin uku zuwa huɗu cikin biyar na tumbin, a bar na sama. Ana yankawa ne nesa da bakin ciwon da kamar santimita 5, domin saiwarsa tana tafiya cikin bango fiye da inda ido ke gani. Ana haɗawa da mayafin kitsen da ke rataye a jikin tumbi, da kaluluwar da ke kewaye, aƙalla 16 domin a san matakin ciwon da gaske. Sai a rufe bakin hanjin da tumbi ke zubawa a da, a jawo ƙaramin hanji a ɗinke da ragowar. Likitoci da yawa kan tsara ɗinkin yadda ruwan madaciya zai shigo can ƙasa da santimita 40 zuwa 60, don kada ya riƙa hawowa yana ƙona ragowar tumbin. Aikin kan ci awa uku zuwa biyar. Cire tumbi dukansa sai in ciwon yana sama ko ya bi bangon gaba ɗaya, kuma ya fi nauyi ga tsoho nesa ba kusa ba, domin ɗinkin da ake yi da maƙoshi ya fi saurin yoyo, cin abinci bayansa ya fi wuya. Inda duka biyun za su iya fitar da ciwon, an gwada an ga barin na sama ba ya rage tsawon rai.

Akwai tambayar da ta dace ku yi: iya ina za a bi kaluluwa? Akwai shara ta kusa da tumbi, akwai mai zurfi da ke bin manyan jijiyoyi. A wani babban bincike na ƙasar Holan da aka fitar a 1995, mutum 10 cikin 100 sun rasu bayan mai zurfin, 4 cikin 100 bayan ta kusa, kuma yawancin ɓarnar ta zo ne daga cire saifa da wani yanki na pankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi) da ake haɗawa da su a lokacin. Da aka bi mutanen shekara 15, sai aka ga mai zurfin ta rage mutuwa daga kansar. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne a yi mai zurfi ga mai ƙarfi a hannun wanda ya saba, a bar saifa a wurinta, a kuma taƙaita ga tsoho mai rauni. Mu a nan barin saifa yana da ƙarin dalili: wanda ba shi da ita zazzaɓin cizon sauro yana kayar da shi warwas.

Game da shimiyo, wato allurar kansa, a wani bincike na Ingila na 2006 waɗanda aka yi wa kafin aiki da bayansa 36 cikin 100 sun kai shekara biyar, waɗanda aka yi wa aiki kaɗai 23. Tsarin da ake yayi yanzu zagaye huɗu ne kafin aiki, huɗu bayansa, duk mako biyu, amma yana da zafi, kuma ga mai shekarun Baba akan rage yawan magungunan ko ƙarfinsu. Mutumin da mafitarsa ta toshe yana amai ba ya cika jure shimiyo ba, don haka sau da yawa aiki ake farawa da shi, sauran a duba in ya murmure. Wannan hukunci na likitan fiɗa ne da likitan kansa tare. Babban asibitin ƙasa na Zinder yana da sashen fiɗa, cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa kuma tana Yamai, inda aka fara gashin kansa da na'ura tun 2021. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ba ƙaramin abu ba ce ga mai amai, saboda haka ku tambaya ko takardu da hotuna za su iya riga shi zuwa. Duk inda za a yi, ku tambayi likitan cikin ladabi sau nawa yake irin wannan aiki a shekara, ko akwai gado a reya, wato ɗakin kulawa ta musamman, in an buƙata, da wanda zai duba Baba in abu ya taso da tsakar dare. A manyan cibiyoyin da suka saba, waɗanda ke rasuwa sanadin aikin ba su kai 5 cikin 100 ba, amma adadin yana hawa ga tsoho mai rama da wanda aka shiga da shi cikin gaggawa. Ku nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce, har da magani da awon naman da za a cire, ku kuma leƙa ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin.

In kuwa sikana ta nuna ya kai hanta ko tantanin ciki, kada ku matsa a cire tumbin. An gwada wannan a Japan da Koriya ta Kudu da Singafo, sakamakon 2016 ya nuna cirewar ba ta ƙara kwana a kan shimiyo kaɗai. Amma ba a nan aka naɗe hannu ba. Akwai ƙaramin aiki na kusan awa ɗaya da ake ɗinke hanji da saman tumbi, abinci ya kewaye toshewar. Ciwon yana nan, sai dai amai ya tsaya, mutum ya koma cin tuwonsa cikin iyalinsa, kuma wannan babban abu ne. Akwai ƴar ragar ƙarfe da ake sawa ta fibro ta buɗe mafitar, ta fi dacewa da wanda ƙarfinsa ya ƙare, sai dai ba ko'ina ake samunta ba kuma takan toshe bayan ƴan watanni. Akwai robar ciyarwa da ake sawa a hanji ta fatar ciki. Zubar jini ana iya tsayar da shi da gashi. Zafi kuma ana kashe shi, har da morfin in ta kama, kuma ba alamar an sallama mutum ba ce.

Ranar da aka fito da shi daga ɗakin aiki, tsugune ba ta ƙare ba. Abin da ya fi kayar da tsofaffi a makon farko huhu ne. Ciwon rauni na hana su jan numfashi sosai, majina ta kwanta, limoniya ta shiga. Saboda haka washegari a zaunar da shi, rana ta biyu ya taka ko da zuwa bakin ƙofa ne, duk awa ya ja dogon numfashi sau 10, in zai yi tari ya danne raunin da matashi. Masu cewa a bar tsoho ya huta da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma kwanciyar ce ke kawo limoniya da daskarewar jini a ƙafa. Allurar hana daskarewar nan akan ci gaba da ita har mako huɗu. Yoyon ɗinki yakan bayyana tsakanin rana ta uku da ta bakwai, kuma sau da yawa alamarsa ta farko bugun zuciya ne da ya wuce 100 a minti ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwan da ke fita ta robar da aka bari a ciki bayan aiki ya koma kore ko ya yi ƙazanta. Ki kira ma'aikaci nan take, kada ki jira zagayen safe. In Baba ya rikice, yana fizge roba, yana kiran waɗanda suka rasu, ba iska ba ce. Ruɗewa ce da ke yawan samun tsofaffi bayan aiki, kuma takan zama ƙararrawar zazzaɓi, ko ƙarancin iska, ko fitsarin da ya ƙi fita. A nemi dalilin, a mayar masa da tabaransa da carbinsa, a bar fuskar da ya sani kusa da shi, a rage cincirindon ƴan dubiya. In komai ya tafi daidai, kwana 8 zuwa 14 ake sallama.

A gida tumbin ya zama ƙarami, kuma ƙofar da ke sakin abinci kaɗan-kaɗan ta tafi. Sau shida zuwa takwas zai riƙa ci a yini, farko kamar rabin kofi, yana taunawa sosai. Ruwa ya sha minti 30 kafin abinci ko bayansa, kada a haɗa. Zaƙi shi ne abin tsoro: shayi mai kauri da suga, alawa, alkaki, lemon kwalba, fura da aka cika wa suga. Suna faɗawa hanji gaba ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi da jiri da bugun zuciya da murɗa, wani lokaci kuma bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi jiki ya hau rawa. Fura da nono ba suga, kaɗan-kaɗan, yawanci tana zama lafiya, in nonon bai sa shi zawo ba. Da bazara, lokacin da zafin Damagaram ke haura 40, ki auna masa lita ɗaya da rabi a buta ki tabbatar ya shanye ta da kurɓi kafin dare. Zai ƙara ramewa a watannin farko, a riƙa auna shi duk mako. A riƙa duba jininsa saboda ƙarancin ƙarfe da bitamin B12. Wanda aka cire wa tumbi duka allurar B12 ta zame masa dole har ƙarshen rai, wanda aka bar wa sashe kuma awo ne zai nuna. Azumin bana ba nasa ba ne, ku tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Kada ku manta da karɓo sakamakon naman da aka cire, shi zai faɗi ko bakin yankan ya fita tsaf da kaluluwa nawa ciwon ya kama.

Saura maganar ɓoye masa. Mun san tausayi ne ya sa, amma jikin nasa ne, kuma shi zai sa hannu. Mutumin da ya ga wandonsa na zamewa ya riga ya san ba olsa ba ce. Ba sai an jefa masa kalmar gaba ɗaya ba: ku zauna da likita, da ke da yayanku, a tambaye shi me ya fahimta game da ciwon da kuma iya abin da yake son ji, a bi shi a hankali. Wani dattijon zai ce a yi duk abin da za a iya, wani zai ce shi dai a buɗe masa hanyar abinci ya koma gida, kuma kowanne zaɓi ne na mai hankali. Zai kuma so ya gyara wasiyya da basussuka da bakinsa. Ku kai gwaggo wannan zama ta ji daga likita da kunnenta.

Ke da ƴan'uwanki kuma, ciwon mahaifi ya ƙara muku haɗari kaɗan. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin masu jawo wannan ciwo, takan zaga gida ɗaya tun yarinta. Ana gano ta da awon bayan gida, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Duk wanda ya haura 45 a cikinku yana fama da olsar da ta ƙi jin magani, ko yana rama, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ya je a yi masa fibro kafin ya sake sayen wani kwalin magani.